Shafin Ƙarshe

Shagona a Amagasaki taku huɗu ne da rabi,
tsakanin gidan wanka da mai gyaran laima.
Littattafai nake bayarwa haya, yen goma kwana guda,
kuma na kisan kai sun fi na soyayya kasuwa.
Masu aikin ƙarfe kan shigo, farce duk baƙi,
su ce, “Setsu, ba mu mai gawa a shafin farko.”
Mutanen da suka kwashe gawarwaki da shebur
shekara goma sha biyu baya,
yanzu gawa ɗaya tak suke so,
mai suna, mai agogo a hannu,
wadda wani zai tsuguna kanta ya tambayi dalili.

Da damina aka fara mini ɓarna.
Littafi zai dawo lafiya lau,
sai shafin ƙarshe babu,
an zare shi da reza, a tsanake, kamar ƙayar kifi.
Bakwai na ƙirga kafin ruwa ya ɗauke.
Matar mai awara ta dangwarar da nata a gabana:
“To wa ya kashe akawun? Surukin ko direban?”

Ni ma na zama mai bincike, da tabarau mai ƙafa ɗaya.
Na zargi yaron Kuwabara, na zargi ɓera.
Da na buɗe kundin haya
suna guda ne ya bi bakwai ɗin:
Ushijima, tsohon ɗan sanda,
mai gadin rumbun gawayi,
wanda bai taɓa cin bashin yen ɗaya ba.

Ɗakinsa na saman shagon kekuna.
Bai yi musu ba. Ya zuba mini shayin sha’ir,
ya ciro shafukan daga gwangwanin taba.

“A shekarar yunwa,” in ji shi, “tasha aka tura ni.
Mata kan sauko daga jirgin ƙauye
da shinkafa ɗaure a ciki, sai ka ce masu juna biyu.
Doka ta ce a ƙwace. Na ƙwace.
Wata ta riƙe mini ƙafar wando.
Mudu uku ne, da kimonon aurenta ta musanyo.
Ta ce yara biyu na jira.
Ban tambayi sunanta ba.
Da dare buhunan suka fita ta ƙofar baya
a motar wani da yau sunansa ke jikin bututun masana’anta.
Ni ma na kai mudu guda gida.
’Yata ta ci, ta rayu.
Tana aikin wayar tarho a Kobe, ta yi kumatu.”

Jirgin Hanshin ya wuce, kofuna suka yi rawa.

“Littattafanki gaskiya suke faɗa har kusa da ƙarshe:
ofis, ambulan a ƙarƙashin tebur,
ƙaramin akawu da ya faɗo daga bene
don manya su yi barci.
Sai kuma a tara mu ɗaki ɗaya,
a nuna mutum guda da yatsa,
sauranmu mu ɗauki tawul mu tafi wanka.”

Na so in ce masa na san ƙofar bayan nan.
Na tsaya a layinta da zoben uwata a tafin hannu,
ban tambayi daga cikin wa aka kwanto ba.
Abin da na ce kawai: “Yen saba’in ne.”
Ya ƙirgo, ya sunkuya.

Daren nan na mayar da shafukan.
Ba ni da gam,
sai na murje ƙwayar dafaffiyar shinkafa da babban yatsa.
Fitila ba ƙarfi, ido ba ƙarfi,
biyu suka sauya gida ban sani ba:
mai laifin wannan ya kwana a littafin wancan.

Wata uku suna yawo hannu zuwa hannu.
Ba wanda ya kawo ƙara.
Matar mai awara ma cewa ta yi,
“Ashe likitan ne! Ni dama tun farko ban yarda da shi ba,”
alhali babu likita ko ɗaya a littafinta.